Darasi na 9: Yadda Wasa ke Horar da Hannun Jariri

Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya san wahalar makonnin farko. Sau da yawa gane baƙi ya fi riƙe fensir sauƙi. Za ka ga mace ta gwanance da kitso da saƙar faifai, ko namiji ya ƙware wajen ɗaure buhuna a bayan babur ya kai su Ɗan Isa ba tare da ko ɗaya ya zame ba, amma da an miƙa musu fensir sai yatsu su sandare, wuyan hannu ya yi tsami. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Hannu abin da ya saba yake iyawa, kuma sabon da ya fi kama jiki shi ne na ƙuruciya.

Wannan darasi naku ne iyayen yara na Mazanya da Magama da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Jibiya, da 'yan uwanku na hayin iyaka ta wajen Madarumfa da Maraɗi, tun da renonmu iri ɗaya ne. Za mu duba yadda hannun jariri ke tashi daga dunƙule har ya kai ga riƙe alƙalami, da abin da ke taimaka masa, da abin da ke tauye shi.

Hannu da ƙwaƙwalwa

A hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, akwai ƙasusuwa 27. Mafi yawan naman da ke lanƙwasa yatsu yana damtsen ƙasa ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyi ne ke janyo yatsun daga can. Kowa ya dafa wurin da ɗaya hannun, ya motsa yatsunsa, zai ji naman yana motsi. Sai babban yatsa, wanda Allah ya ba shi ikon juyowa ya taɓa kan kowane yatsa. Da shi ake zare allura, da shi ake ƙirga kuɗi, da shi ake jan carbi.

Amma mai ba da umarni ita ce ƙwaƙwalwa. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai suna Wilder Penfield, wanda ya yi aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada tun daga 1928, ya zana taswirar sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa gaɓoɓi. Ya tarar da cewa filin da aka ware wa hannu da yatsu da baki ya fi na gangar jiki girma nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwar jariri kuwa a ranar haihuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum, kafin ya cika shekara 3 ta kai wajen kashi 80 cikin 100. A waɗannan shekaru ne hanyoyin saƙo tsakanin ido da ƙwaƙwalwa da hannu ke ƙulluwa. Wadda ake yawan amfani da ita sai ta yi ƙarfi, wadda aka bari sai ta dushe, kamar dai turbar gona: idan ana bin ta kullum ta fito fili, idan aka daina sai ciyawa ta rufe ta. Duk lokacin da jariri ya miƙa hannu ya kuskure ludayi, ya sake miƙawa, aikin da yake yi ke nan.

Ƙarfin kuma bi da bi yake zuwa. Wuya ke fara tsayawa, sai kafaɗa, sai gwiwar hannu, sai tafi, yatsu su zo a ƙarshe. Yaron da kafaɗarsa ba ta yi ƙwari ba, yatsunsa ba za su sami madogara ba. A riƙe wannan, domin za mu koma kansa a maganar goyo.

Daga dunƙule zuwa tsinta

Ana haihuwar jariri da hannu a dunƙule. Idan ka sa yatsanka a tafinsa sai ya damƙe, har mutane su ce ya san babansa. Gaskiyar magana, wannan damƙa ba da nufinsa ba ce, jiki ne ke yin ta da kansa, kuma takan gushe tsakanin wata 4 zuwa 6 domin ta ba damƙar ganganci wuri.

Bayan arba'in, zuwa wata 3, hannun yakan fara buɗewa. A nan ne za ku ga ya ɗaga shi gaban fuskarsa ya zuba masa ido, ya haɗa hannu biyu a ƙirji, ya kai baki. Wajen wata 4 yana kai wa abu cafka, ya kuskure, ya sake. Zuwa wata 6 ya iya riƙe abu da tafi gaba ɗaya, ba da jimawa ba kuma ya koyi sauya shi daga wannan hannu zuwa wancan. Da ya zauna da kansa, hannuwan biyu sun huta da aikin tokare jiki, sai bincike ya ƙaru: ya buga murfi a ƙasa, ya girgiza, ya janyo abu da yatsu huɗu.

Tsakanin wata 9 zuwa 12 ake ganin babban ci gaba. Yaro ya hango ƙwayar shinkafa ɗaya a kan tabarma, ya sa babban yatsa da manuniya ya tsince ta. Uwa takan ɗauki wannan a matsayin fitina, domin daga ranar ba abin da zai faɗi ƙasa ya tsira. Amma waɗannan yatsu biyu su ne za su riƙe alƙalamin kara a makarantar allo. A daidai lokacin ne kuma yake koyon saki. Mutane ba su cika lura ba cewa sakin abu da gangan ya fi kama shi wuya ga jariri. Shi ya sa zai jefar da cokali, a ɗauko masa, ya sake jefarwa, har a gaji. Ba raini ba ne, ba kuma ɓarna ba. Darasinsa na wannan watan yake bita, kuma yana bukatar wanda zai daure ya riƙa miƙo masa.

Daga nan abin yakan yi sauri. Tsakanin wata 15 zuwa 18 yana ɗora abu ɗaya kan ɗaya, yana zuba tsakuwa a gwangwani yana juyewa, yana zane barkatai idan ya sami gawayi. Ɗan shekara 2 yana iya jera abu shida a tsaye, yana buɗe murfi, yana kai cokali baki. Ɗan shekara 3 yana kwaikwayon zana da'ira. Riƙon fensir da yatsu uku irin na manya yakan daidaita ne tsakanin shekara 4 zuwa 6, saboda haka babu dalilin dukan ɗan shekara 3 don ya damƙi fensir da tafi.

Waɗannan watanni ma'auni ne na tsaka-tsaki. Wani yaro yakan riga, wani ya ɗan makara, duk lafiyarsu ƙalau. Bakwaini kuma ana yi masa lissafi ne daga lokacin da ya kamata a haife shi.

Goyo da tabarma

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Goyo alheri ne. Yaro a bayan uwarsa yana jin ɗuminta, yana jin muryarta, hankalinsa a kwance, ya tsira daga kaji da awaki da murhu. Macen da za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona, ko ta bi motar kasuwar Jibiya, ba ta da abin da ya fi mata zanen goyo da majanyi. Wannan littafi ba zai ce a daina goyo ba.

Sai dai a duba inda hannuwan jariri suke idan an goya shi. Galibi suna cikin zane, a matse a haƙarƙarin uwa, fuskarsa na kallon bayanta. Ba ya ganin hannunsa, ba ya miƙa shi, ba ya tokare ƙasa da shi. Idan ya wuni a haka tun hantsi har la'asar, ba a sauke shi sai don nono da wanka, to ya wuni bai yi aikin da shekarunsa ke nema ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan motsa jikin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ciki ta ce kada a tsare jariri wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, kuma ta ambaci goyo a baya cikin misalan tsarewar. Ta kuma ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a rana yana kwance rub da ciki, idonsa biyu, a rarraba lokacin cikin yini.

Mun san awa ɗaya ba za ta yiwu kullum ga macen karkara ba, balle ranar tafiya. Abin da zai yiwu shi ne wannan. Idan yaro a farke yake kuma wuyansa ya tsaya, a ɗaura zanen ta ƙarƙashin hammatarsa, a fitar masa da hannuwa waje. Duk sa'ad da aka zauna tsintar wake, ko yankan kuɓewa, ko hira bayan azahar, a kwance goyon, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, a kifa shi a kai, a ajiye ƙoƙo ko faifai ɗan nesa kaɗan da hannunsa. Da farko zai yi kuka, domin ɗaga kai aiki ne. A fara da minti biyu ko uku, ko a kifa shi a ƙirjin uwa tana kishingiɗe, a riƙa ƙarawa. Wannan kwanciya ce ke gina wuya da kafaɗa, nauyin jikinsa kuma ya buɗe masa tafin hannu. Amma fa da ido a kansa. Idan barci ya ɗauke shi a juya shi rigingine, domin kwanciyar barcin jariri ta baya ce.

Haka batun safar hannu. Lokacin hunturu ana sa wa jarirai ita saboda sanyi, wasu kuma don kada su yakushi fuska. Idan rana ta yi ɗumi a cire. Maganin yakushi yanke farce ne. Jariri da fatar yatsunsa yake sanin laushi da kaushi, sanyi da ɗumi, kuma lokacin shan nono yana son ya dafa jikin uwarsa da tafinsa.

Wata tsohuwa za ta ce wa matar ɗanta, “Ke 'yar nan, mu da muka goya mazajenku wa ya koya mana wannan?” Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce, “Gaskiya ne Inna, ai ku ma kuna sauke su a tabarma ku ba su ludayi. Shi ne dai likitoci suka ce a yawaita.” Kuma haka abin yake. Babu baƙon abu a nan, ƙari ne a kan abin da kakanni suka saba.

Kayan wasa na cikin gida

An rufe iyakar nan daga watan Agusta na 2019 zuwa Afrilu na 2022, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Kowane gida a Magama da Mazanya ya ji a jikinsa. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, suka zo da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Wanda ke neman na tuwo ba za a ce masa ya sayi kayan wasan roba ba, kuma ba a bukatar hakan.

Ɗan wata 4 zuwa 6 ludayi ya ishe shi, ko tsumma mai tsabta mai launi, ko ƙaramin gora da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinsa gam yadda ba zai buɗe ba. Wanda ya zauna a ba shi murfin tukunya da cokalin katako ya yi ta kiɗa. Mai rarrafe a ba shi ƙwarya da manyan abubuwa, irin su lemo, dankali, ko ƙullin tsumma, ya zuba ya juye. Wanda ya shekara a ba shi ƙoƙuna ko kwanoni masu bambancin girma ya sa ƙarami cikin babba. Ɗan shekara 2 a ba shi ruwa kaɗan a kwano da kofi biyu ya yi ta ɗure, babba na zaune kusa, ko yashi mai tsabta, ko curin laka.

Abu biyu ko uku sun isa a lokaci guda. Kuma kada a yi masa aikin. Idan yana ƙoƙarin sa murfi ya kasa, a ba shi lokaci, a nuna masa sau ɗaya, a mayar masa. A riƙa yi masa magana ana faɗin sunan abin: ga ludayi, kawo, ungo, saka, juye. Hannu da harshe tare suke tashi, yaron da ya fara nuna abu da manuniya yana dab da neman sunansa.

Wayar hannu kuwa ba ta cikin wannan lissafi. Yanzu ta zama abin rarrashi, yaro na kuka a kunna masa bidiyo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin. Gilashi sumul yake, ba nauyi, ba kaushi, ba ciki ba waje, ido ne kaɗai ke aiki hannu na zaune.

Loma ma makaranta ce. Bayan wata 6 na nonon uwa zalla, idan aka fara ba yaro abinci, a wanke masa hannu da sabulu a bar shi ya taɓa. Dafaffen dankali ko kabewa da aka yanka dogo-dogo, ayaba nunanna, tuwo mai laushi. Zai damalmala, rabi ya zube. A ci gaba da ba shi a baki don ya ƙoshi, amma a bar masa nasa kason a gabansa.

Abin da ake kiyayewa

Duk abin da hannun jariri ya kama baki za shi, domin da baki yake ƙarasa bincike. Ba a hana shi, wurin ake gyarawa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya ba abin wasansa ba ne. Gyaɗa, aya, ƙwallon magarya da na kurna da na dabino, wake, maɓalli, dutsen ado, murfin kwalba, alawa mai tauri. Mu nan bakin iyaka muna da ƙarin abu ɗaya da sauran 'yan Najeriya suka kusa mantawa da shi, wato kwabban sefa, waɗanda ke yawo a aljihu da ƙasan tabarma. Mafi haɗari shi ne ɗan batir mai kama da maɓalli na cikin agogo da ƙananan fitilu. Idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi, saboda haka asibiti za a nufa nan take ko da yaron yana wasa.

Idan abu ya shaƙe jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ya kasa kuka da numfashi, a kifa shi a kan damtse kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin allunan kafaɗarsa da tafin hannu sau 5. Idan bai fito ba a juya shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a riƙa maimaitawa ana neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, yana ƙara tura abin ciki.

Fetur da kananzir da ake zubawa a robar ruwa, maganin ɓera, maganin feshin gona, reza, wuƙa, duk a rataye su sama. Bokitin ruwa a rufe shi. A share kashin kaji da na awaki kafin a shimfiɗa tabarma, domin daga hannu zuwa baki ne gudawa da tsutsar ciki ke shiga. Kada kuma mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka kwasa da hannu. Kada a fasa tsohon batirin mota ko na sola a tsakar gida, kuma a sani wani kwallin da ake sa wa jarirai yana ɗauke da dalma.

Yaron da tamowa ta kama

Tamowa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Maraɗi ta ga tsananinta a 2005, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin jinyar yara masu ita a Jihar Katsina, har da Jibiya, tun 2021. Yaro mai tamowa yakan yi shiru, ba ya miƙa hannu, ba ya kula abin da aka ba shi. Uwa ta ga ba ya so, sai ta goya shi ta ƙyale shi, shirun ya ƙaru. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da nuna ƙauna cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani, tare da abinci da magani.

Akwai bincike sananne a kan wannan. A 1986 wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24, a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika. Wasu aka ba su ƙarin madara, wasu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu tana koya wa uwa wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida, wasu aka haɗa musu duka biyun. Bayan shekara biyu madarar ta yi amfani, wasan ya yi amfani, waɗanda suka sami duka biyun suka fi kowa. Da aka sake nemo su bayan kimanin shekara 20, rahoton da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Talakawa ne kamar mu, kayan wasan kuma na gwangwani da tsumma ne. Don haka uwar da ta karɓo abincin tamowa daga asibiti, ta haɗa da zama a tabarma da yaron ko da minti goma ne safe da yamma, ko da bai nuna yana so ba a kwanakin farko.

Wa zai yi wasan?

A al'adarmu akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka. Kunya ado ce, ba mu raina ta ba. Amma jariri bai san al'ada ba, fuska da murya ya sani, kuma uwar ɗan fari ita ce mafi ƙarancin shekaru da gogewa. Idan ba za ta iya a tsakar gida ba, ta yi a cikin ɗaki. Kaka kuma, wadda al'ada ta ba ta cikakken izinin wasa da jika, ta cike gurbin a waje. Yayye masu reno a nuna musu abin da ake ba jariri da abin da ba a ba shi, kada a bar 'yar shekara shida ita kaɗai da wannan nauyi.

Ku kuma maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wasa da jikokinsa Hasan da Husaini, ya kuma ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla. Idan ka dawo daga tasha ko gona, ka wanke hannu, ka zaunar da ɗanka a cinya, ka ba shi hularka ya cire ya mayar. Minti biyar ne, kuma ba ya rage maka girma.

Bahago, da alamun zuwa asibiti

Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne, halitta ce. Ana koya wa yaro ci da karɓa da hannun dama cikin lallashi, kamar yadda addini da tarbiyya suka koyar. Amma duka, ko ɗaure hannun hagu don ya yi rubutu da dama, ba ya haifar da komai sai tsoron makaranta. Zaɓin hannu yakan bayyana ne daga shekara 2 zuwa sama.

Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne jaririn da bai shekara ba amma hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ɗayan na dunƙule ko na lilo. Wannan ba bahagwanci ba ne, yana iya zama rauni a jijiya ko a ƙwaƙwalwa. Haka wanda aka haifa bayan doguwar naƙuda hannu ɗaya ba ya motsi, da wanda ya wuce wata 4 hannuwansa ba sa buɗewa, da ɗan wata 6 da ba ya miƙa hannu ga abu, da wanda ya shekara ba ya tsintar ƙaramin abu, da wanda jikinsa ya cika sandarewa ko saki. Duk yaron da ya iya wani abu sannan ya daina, musamman bayan shawara, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga, a kai shi ba tare da jira ba. A fara da asibitin da ake rigakafi, ko Babban Asibitin Jibiya. Idan da bukata za su tura Katsina, inda ake da Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi sun fi amfani idan an fara da wuri. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, kada a tsaya cewa iska ce har watanni su wuce.

Bayan yaye

Idan yaro ya tasa, wasanninmu na gargajiya sun ishe shi. Carafke tana koyar da ido da yatsu aiki tare fiye da duk abin da ake sayarwa a kanti. Ginin shanu da raƙuma da laka yana ƙarfafa tafi. Motar kara, 'yar tsana da ɗinkin kayanta, tuwon ƙasa, dara a yashi, ɓarar gyaɗa, tsintar wake tare da uwa, duk horo ne. Yaron da aka bari ya yi waɗannan, ranar da aka miƙa masa allo da tawada ko littafi da fensir hannunsa ba zai yi masa gardama ba. Kada a kore shi daga laka don gudun wanki.

Tambayoyi

1. Me ya sa jariri ke jefar da abu ya jira a ɗauko masa?
2. Wace gyara za a iya yi wa goyo don hannun yaro ya sami aiki?
3. Me ya bambanta bahago da jaririn da ya kamata a kai asibiti?
4. Ku tattauna a aji: yaya uwar ɗan fari za ta yi wasa da ɗanta ba tare da ta saɓa wa kunyar gidan miji ba?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zaɓi yaro ɗaya ɗan ƙasa da shekara 2, nasa ko na maƙwabta da izinin iyayensa. Ka rubuta watanninsa da lamba. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi abu ɗaya na cikin gida da ya fi ƙarfin bakinsa, ka zauna ka kalli hannunsa minti goma ba tare da ka taya shi ba. Sannan ka rubuta jimla uku a kan abin da ka gani: da wane hannu ya kama, da tafi ko da yatsu, me ya yi da abin. A zo da littafin da kuma abin wasan aji na gaba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun da muka ambata kada ya jira ranar aji, ya gaya wa iyayen yaron a ranar.